Filin Masu Kiwo: In Bayan Kaza Ya Fito

Assalamu alaikum masu kiwo. Yawancin saƙonnin da suka shigo mana a 'yan kwanakin nan a kan abu ɗaya suke, wato fitar baya ga kaza mai ƙwai. Mun tsinci biyar mun taƙaita su. Masu gaggawa an riga an amsa musu ta waya, don wannan lalura ba ta jiran fitowar mujalla.

TAMBAYA: Ina da kaji tara a tsakar gida, Noiler huɗu, wato kajin zamani na ƙwai da nama, sauran na Hausa. Da hantsi na ga ɗaya daga cikin Noiler ɗin ta fito daga akurki da wani jan nama a bayanta kamar ƙaramin tumatir, 'yan'uwanta na binta suna sara. Na kifa mata kwando. Mene ne wannan, kuma me zan yi mata? Daga wata uwargida a ƙaramar hukumar Jahun.

AMSA: Hajiya, kwandon nan da kika kifa mata shi ya ceci ranta. Da yawa daga cikin kajin da ake asara ta wannan hanya ba fitar bayan ce take kashe su ba, 'yan'uwansu ne. Kaza ba ta ganin jan abu mai danshi ta ƙyale, kuma da zarar ɗaya ta ɗanɗani jini sai sauran su taru, su yi ta ja har su zaro hanji.

Abin da kika gani ƙarshen hanyar ƙwai ne. Kaza ƙofa ɗaya gare ta a baya, ta nan kashi yake fita, ta nan ƙwai yake fita. Duk sanda za ta yi ƙwai, ƙarshen hanyar yakan juyo waje kaɗan kamar an juya aljihu, ya ajiye ƙwan ba tare da ya taɓa kashi ba, ya koma ciki nan take. Shi ya sa ƙwan lafiyayyar kaza yake fitowa fes. In ƙwan ya yi mata girma, ko naman wurin ya saki, sai ya fito ya kasa komawa. Yana jimawa a waje yana kumbura, kumburin kuma yana ƙara toshe masa hanya. Saboda haka aikin na yau ne, kada ya kwana.

Ki tafasa ruwa ki bar shi ya huce har ya kai ɗumin ruwan wankan jariri, wanda za ki tsoma gwiwar hannu ki ji daɗinsa. Ki zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe a kowane rabin lita, wato kwatankwacin ledar fiya wata ɗaya. Roba mai cin lita biyu cokali huɗu ke nan. Kada ki ƙara don neman ƙarfi, gishiri in ya yi yawa cin naman yake yi. Ki yanke farce, ki wanke hannu da sabulu, ki sa safar hannu ta kemis in akwai, in babu ki ɗaura sabuwar farar leda a yatsa.

A samu wani ya riƙe miki ita. A naɗe fukafukan da tsohon zani, a ɗan rufe mata kai don ta nutsu, amma kada a matse ƙirjinta, domin kaza da motsin ƙirji take numfashi. Kada kuma a rataye ta da ƙafa kai a ƙasa. Ki zaunar da bayanta a cikin ruwan minti 15 zuwa 20. Kashin da ya bushe a jikin naman zai jiƙa ya saki da kansa, ba a ɓanɓararsa. Gashin da ke kewaye da wurin ki rage shi da almakashi, ba a tsigewa.

Yanzu sai ki duba da kyau a wuri mai haske, don abin da idonki ya gani shi zai nuna miki ko a ci gaba ko a tsaya. Nama ja ko ruwan hoda, mai sheƙi, mai laushi, yana da rai, zai koma. In ya yi baƙi ko toka-toka, ya bushe kamar fata, yana wari, ko ya yage, ko kuwa kin ga wani dogon abu kamar igiya yana reto, to wannan hanji ne ko mataccen nama. Tura shi ciki ƙarin azaba ne kawai, sai a duba amsarmu ta ƙarshe. Ki kuma taɓa ki ji ko akwai ƙwai a ciki. Wani lokaci naman yakan fito a naɗe da ƙwai, ki ji shi da tauri kamar dutse. In haka ne ki nemi bakin ƙofar, ki shafa mai sosai, ki riƙa janye naman baya a hankali har ƙwan ya zame. Kada ki fasa shi, ɓawon yanka yake kamar reza. In ya ƙi, aikin malamin dabbobi ne.

In babu ƙwai kuma naman lafiya lau, sai a sauke kumburin. Ki barbaɗa masa sukari ya rufe shi, ko ki shafa zuma mai kyau, ki jira minti 10 zuwa 15. Sukarin yana janyo ruwan da ya taru a naman, za ki ga yana narkewa yana ɗiga, abin kuma yana motsewa a gaban idonki. Ki ɗauraye da ruwan gishirin, ki shafa man santsi na kemis da ake kira K-Y, ko farin Vaseline marar ƙamshi. Ki ɗan ɗaga bayan kazar sama da kanta kaɗan, ki sa tafin yatsa, ba kan farce ba, ki fara turawa daga gefe-gefen da ya fi kusa da jiki, tsakiya ta bi daga baya. Ciki ake turawa tare da ɗan karkata sama wajen gadon baya. In ta yi nishi ki dakata, in ta saki ki ci gaba, kada ki yi kokawa da ita. Da ya shige, ki bar yatsan a ciki kamar gaɓa ɗaya na minti biyu ko uku, sannan ki zare a hankali, ki dafe ƙofar da tsumma mai tsabta na wasu minti biyar. Za ki ji wurin yana tsukewa yana saki a ƙarƙashin hannunki, alama ce mai kyau. Ki tsane mata jiki sosai, musamman da hunturu.

Kada ki mayar da ita cikin 'yan'uwanta. Ki shimfiɗa mata tsumma ko buhu a ƙarƙashin kwando, ba ƙasa ko ɓuntun shinkafa ba, don suna manne wa naman in ya sake fitowa. Ki yafa tsohon gidan sauro a kai saboda ƙuda. Da bazara ƙuda kan yi ƙwai a irin wannan wuri, kafin kwana ɗaya ya cika tsutsa ta ƙyanƙyashe.

TAMBAYA: Na mayar da shi har sau huɗu, amma da ta yi kashi sai ya sake fitowa. Maƙwabcina ya ce a ɗinke wurin da allura da zare kamar yadda ake yi wa tunkiya. In yi? Daga wani magidanci a Sumaila.

AMSA: Malam, kada ka ɗinke. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gaskiya ne likitan dabbobi yakan yi ɗinki a wurin, amma yakan bar ƙofar da kashi zai fita, ya tabbatar babu ƙwai a hanya, kuma ya warware bayan 'yan kwanaki. Tunkiya ba ta yin ƙwai gobe da safe. Kaza kuwa in ƙwai ya taho ya tarar da ƙofa a ɗinke, ko dai ya yaga wurin ko ya maƙale ya kashe ta.

Sake fitowa a kwana biyu ko uku na farko ba abin mamaki ba ne. A wanke, a shafa mai, a mayar, sau biyu ko uku a yini. Mayarwar ma ita ce mai sauƙin. Abin da yake raba wadda za ta warke da wadda ba za ta warke ba shi ne ƙwan da ke tafe. Kaza tana haɗa ƙwai ɗaya a cikin awa 24 zuwa 26, kuma kusan awa 20 daga ciki a wajen yi masa ɓawo suke tafiya. Ke nan a lokacin da kake mayar mata da baya, mai yiwuwa na gobe ya riga ya kama hanya. Kowane ƙwai da ya biyo sai ya sake buɗa wurin da kake lallaɓawa. Dole a tsayar mata da ƙwai na ɗan lokaci, da abu biyu ake yi, duhu da sauyin abinci.

Tsawon hasken yini shi ke gaya wa jikin kaza ta yi ƙwai. A ƙasar Kano da Jigawa yini bai cika gaza awa 11 ba, bai kuma kai 13 ba, shi ya sa kajinmu ba su da lokacin hutu na kirki. Ka sa ta a ɗaki mai duhu, ka ba ta haske da bai wuce awa 8 a yini ba, misali daga ƙarfe takwas na safe zuwa la'asar, sauran lokacin duhu. Amma a kula, duhu daban, rashin iska daban. Kada a lulluɓe kwando da leda ko bargo, kada a rufe ta a shagon kwano da rana tsaka, zafi zai riga fitar bayan kashe ta. Ɗakin ƙasa mai taga ya fi.

Abinci kuma a janye mata na masu ƙwai, da ƙuli-ƙuli, da garin kifi, da duk abin da ke gina ƙwai. A ba ta tsakin gero ko na dawa zalla, kaɗan a ranar farko don kashi ya ragu, daga nan cikin tafin hannu safe da yamma, da ɗan ganyen zogale ko alayyafo don cikinta ya yi laushi. Ruwa kuwa kada ya yanke ko na awa ɗaya. Abu ɗaya da ba a janyewa shi ne sinadarin kalsiyam, saboda ba ɓawo kaɗai yake yi ba, da shi naman wurin yake samun ƙarfin tsukewa. Ka gasa ɓawon ƙwai a kasko, ka daka shi ya zama kamar tsaki, ka ba ta na ƙwai ɗaya kullum a cikin abinci.

Ko da an yi duk wannan, ƙwai ɗaya zuwa uku na iya biyowa. Ka riƙa leƙa ta da safe, lokacin da kaji suka fi yin ƙwai. In wurin ya zauna, ka riƙe ta a haka mako ɗaya zuwa biyu, sannan ka dawo da haske da abinci sannu a hankali. In kuwa an kwana huɗu ko biyar ana mayarwa yana fitowa, naman ya fara canza launi, to ba za ta yi ba. Wadda ma ta warke a sa mata ido, don wadda ta taɓa yi ta fi saurin maimaitawa, kuma mu dai ba ma ba da shawarar a ajiye 'ya'yanta don iri.

TAMBAYA: Na sayi 'yan tsaki 60 masu ƙwai, jajaye. Da suka kai mako 14 na sa musu fitilar sola tana kwana a kunne saboda muzuru, na kuma koma ba su abincin masu ƙwai don su yi sauri. Sun fara ƙwai da wuri, har da masu gwaiduwa biyu, na yi murna. Yanzu a mako ɗaya huɗu sun mutu, duk bayansu a fashe. Annoba ce? Wace allura zan yi musu? Daga wani matashi a yankin Dambatta.

AMSA: Ɗan'uwa, ba annoba ba ce, kuma babu allurar rigakafinta. Fitar baya ba ta yaɗuwa daga kaza zuwa kaza. In ka ga ta kama da yawa a garke ɗaya, to abu ɗaya ne yake damunsu gaba ɗaya, kuma a naka ka faɗe shi da bakinka. Fitilar nan ta gaya wa sagarun lokacin ƙwai ya yi alhali ƙugunsu bai gama buɗewa ba. Irin waɗannan kaji, su ISA Brown da kuma Shika Brown, wadda ita aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, ana so su fara ƙwai wajen mako 18 zuwa 20, nauyinsu ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Ƙwai mai gwaiduwa biyu a wurin sagara ba abin murna ba ne. Ƙwan da aka saba kimanin giram 60 ne, shi kuwa yakan fi haka nauyi sosai, a jikin da bai shirya wa ko na 60 ɗin ba.

Abin yi yanzu, ka daina kwana da fitila. Tunda sun riga sun fara, ka tsayar da hasken gaba ɗaya, na rana da na fitila, a awa 14, kada ka ƙara har sai abin ya lafa, kuma ka sauya ƙwan fitilar da marar ƙarfi. Haske mai ƙarfi yana sa su ga jan naman 'yar'uwarsu a daidai lokacin da take yin ƙwai. Muzuru kuwa waya ake sa masa a taga. A garke na gaba kada ka ƙara haske kafin mako 17, in za ka ƙara kuma rabin awa zuwa awa ɗaya a mako, har a kai awa 16 a tsaya. Abincin masu tasowa su ci gaba da shi har wajen mako 17 ko 18, sannan a juya zuwa na masu ƙwai a cikin kwana bakwai ana gaurayawa.

Sai wurin yin ƙwai. Kaji 56 suna buƙatar gurbi 12 zuwa 14, ɗaya ga kowace huɗu ko biyar, a lungu mai duhu, da ɗan labulen buhu a baki. Kazar da ta yi ƙwai a fili a tsakiyar 'yan'uwanta ita ake fara sara, kuma sau da yawa saran ne yake hana naman komawa tun farko. Ka riƙa shiga ɗakin tsakanin hantsi da azahar kana kwashe ƙwai kana duba su. Zanen jini a jikin ɓawo shi ne gargaɗin farko. Ranar da ka gan shi, ka bi kajin ɗaya bayan ɗaya da daddare kana ɗaga jela, ka ware duk wadda bayanta ya yi ja ko ya jiƙe. Ka rataya musu damin ganye su sami abin tsattsaga, ka rage cunkoso.

In kai kake haɗa abincinka, ka lura da kalsiyam. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 2, kaza mai ƙwai kullum kuma tana buƙatar wajen giram 4 a abincinta, shi ya sa abincin buhu na masu ƙwai yake da kashi uku da rabi zuwa huɗu cikin ɗari. Masara da dusa kusan babu komai a cikinsu ta wannan fanni. Masu sayar da kayan abincin kaji suna da dakakken dutsen laimiston da garin ƙashi, a zuba a wani kwano daban su ɗiba da kansu. Kada a kuskura a ba su farar ƙasar shafen bango, wannan ƙona baki da maƙogwaro take yi. Da bazara kuma, da yake zafi yana rage musu ci, a ba su abinci da sassafe da kuma bayan la'asar.

Masu kajin Hausa za su ce su ba su cika ganin wannan ba. Haka ne. Kazar Hausa sai ta kai wata shida ko bakwai take farawa, ta yi ƙwai goma sha wani abu ƙanana, ta kwanta kwanci ta huta. Wadda aka ƙirƙira don ta yi wajen 300 a shekara ba ta san hutu ba.

TAMBAYA: Kakarmu ta ce a shafa toka ko baƙin mai, wata kuma ta ce a fasa kafso a zuba mata a ruwa, ko a shafa maganin basir. Wanne ya fi? Daga wata ɗaliba a Gumel.

AMSA: 'Yar'uwa, a gaishe da Iya, amma a bar toka da baƙin mai. Toka tana busar da naman ta ci shi, busasshen nama kuwa ba ya komawa. Baƙin mai guba ne, kuma wurin yana tsotse duk abin da aka shafa masa. Haka man zafi, da barkono, da kanwa, da Dettol ko Izal, duk kada su kusanci wurin. Man basir na mutane wasu suna amfani da shi, sai dai da yawansu akwai maganin kashe zafi a ciki wanda tsuntsu ba ya jurewa, sukari kuma yana yin aikin ba tare da wannan haɗari ba.

Kafso ba ya mayar da baya. Amfaninsa in an sari wurin ya yi rauni ne, shi ma malamin dabbobi ne zai faɗi wanne da kuma nawa. Magungunan ciwon jiki na mutane kada a gwada, musamman diclofenac, wanda yake lalata ƙodar tsuntsaye. Shi ne ya kusa ƙarar da ungulu a Indiya, har ƙasar ta hana ba dabbobi shi a 2006.

TAMBAYA: In ta ƙi warkewa ana iya cin namanta? Ƙwanta fa? Daga wata mai kiwo a Wudil.

AMSA: Malama, ana ci. Fitar baya rauni ne, ba cuta ce mai kama mutum ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma a nan yankan tausayi ne. In hanji ya fito, ko naman ya yi baƙi, ko tsutsa ta shiga, ko ƙwai ya maƙale babu malamin dabbobi a kusa, a kira mai gida ya yanka tun tana da kuzari, kada a jira ta zama mushe a yi asara biyu. A yanke wurin da ya lalace da abin da ke kewaye da shi a binne, a dafa sauran ya dahu sosai. Wadda ba a ci ita ce wadda ta kwana biyu tana rufe ido ta daina cin abinci, ko aka buɗe cikinta aka tarar da ruwa mai wari, ko wani abu kamar dafaffiyar gwaiduwa ya bazu a tsakanin hanji. Wannan ruɓa ta riga ta shiga jiki, a haƙa rami mai zurfi a binne ta.

Shi ya sa yake da kyau a yanke shawara tun ranar farko, jinya ko wuƙa. In an riga an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba a cin naman ko ƙwan sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika, a ƙirga daga ranar da aka ba ta na ƙarshe. In sukari da ruwan gishiri kawai aka yi mata, ƙwanta lafiya lau, a wanke jinin da ke jikin ɓawon a dafa a ranar.

In kin zo gyaran naman, kada ki yi saurin zubar da kayan ciki, ki tsaya ki duba. In kin tarar da kitse rawaya mai kauri kamar tafin hannu ya lulluɓe ƙundu ya cika mara, hanta kuma ta yi fari-fari tana marmashewa a hannu, to ƙiba ce ta matse mata hanyar ƙwai, kuma sauran da suke ci a kwano ɗaya da ita haka cikinsu yake. An fi ganin haka a Noiler da ake tsarewa a akurki ana ɗura musu masara da ragowar tuwo. Ki kama ɗaya daga cikin masu ran ki shafa ƙasan cikinta tsakanin ƙashin ƙirji da dubura. Na mai ƙwai lafiyayya laushi gare shi kamar kunnen jariri, na mai ƙiba kuwa tauri da kauri. In kin ji tauri, ki rage masara da tuwon, ki tsaya a kan kimanin giram 120 na abinci ga kowace kaza a yini, ki buɗe musu akurki da safe su fita su yi tono.